Katangarmu da Mangwaron Inna

Yau ba hirar soyayya na zo mana da ita ba, ta gini ce.

Bara katangar lambunmu ta tsage har sai da ta rushe. Da aka tashi haƙa sabon harsashi sai ga saiwar mangwaro kamar cinyar mutum. Nan take Yaya ya ce a kawo gatari. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don marigayiya Inna ce ta dasa shi.

Dattijon magininmu ya girgiza kai ya ce, "Yaro, in ka sare wannan, iskar farkon damina na iya kayar da bishiyar a kan ɗakinku."

A wurinsa na ji cewa yawancin saiwoyi ba sa wuce zurfin ƙafa 2 zuwa 3, amma yaɗuwarsu takan zarce inuwar rassa. Kuma in ƙasar laka ce, da rani bishiya kan tsotse danshinta, ƙasar ta motse, katanga ta tsage.

A hankali ya sa aka tone wurin. Ya kafa ginshiƙi dama da hagu, ya zuba kankare da rodi a kansu kamar gada, ya bar wa saiwar sararin ƙara kauri, sannan ya jera bulo.

To 'yar uwa, ranar da za a yi gini a gidanku, kar ki ce ba ruwan mace, ki sa baki. Katanga sati guda ta tashi, inuwa kuwa sai an shekara da shekaru.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.