DABON JIYA DA DABON YAU

Duk matashin da ya taɓa zama cikin hirar dattawa a Kura ko Bunkure, da wuya a ce bai ji labarin Bagauda ba. Marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, a zamaninsa aka gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka kuma gina wani a kan dutse a Tiga. Nan ne wurin shaƙatawar mutanen Kano a wancan lokaci, in Sallah ta zo sai a yi ado a nufi can kallo. A irin waɗannan taruka, da kuma ranakun kasuwa, ake cin karo da ɗan dabo, kuma har yau in dattawa suka zo kan labarinsa sai fuskokinsu su washe.

Suna tuna yadda yake tara jama'a, ya ciro ƙwai daga kunnen yaro, ya yi ta zaro ƙyalle daga bakinsa kamar ba zai ƙare ba, sannan ya murza takardar banza a tafin hannu ta koma Naira sabuwa fil. Jama'a su ɗauki sowa. To amma da wasa ya ƙare sai ya cire hularsa ya bi layi yana karɓar kwabo da sisi. A nan mai hankali yake tsayawa ya yi tambaya: mutumin da yake iya mayar da takarda kuɗi, me ya kai shi roƙon kwabo? Ko Farfesa Peller, wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a a Nijeriya har zuwa lokacin da aka kashe shi a Ibadan a 1997, da kuɗin 'yan kallo ya rayu.

Yau wancan Bagauda ya zama tarihi. A watan Agustan 1988 madatsar ruwan ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, otal ɗin kuma daga baya aka mayar da shi reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. 'Yan dabon kasuwa ma sun yi ƙaranci. Sai dai kash, dabo bai mutu ba. Ya bar filin wasa ne ya koma cikin wayar salula, inda ya fi da haɗari nesa ba kusa ba.

Alal haƙiƙa ɗan dabon jiya ya fi na yau mutunci. Wanda ya tsaya kallonsa ya san wasa ya zo gani, abin da zai rasa bai wuce kwabo ba, ya koma gida da dariya. Na yau kuwa cewa yake yi kasuwanci ne. A watan Disamban 2016 tsarin MMM, wanda wani ɗan Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙirƙiro, ya rufe asusun mutane a Nijeriya bayan ya yi masu alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. A watan Afrilun 2025 aka maimaita da CBEX, wanda shi alkawarinsa ninka kuɗi ne cikin kwana 30. Sirrin duka ɗaya ne, wato a karɓi kuɗin wanda ya shigo yau a biya wanda ya shigo jiya, shi kuma ya fita yana shela, ya jawo abokansa da 'yan'uwansa. Ranar da masu shigowa suka ragu, ranar ake naɗe tabarma. Waɗanda aka biya da farko su ne ƙwan da aka ciro daga kunnen yaro, domin a tara 'yan kallo.

Wannan magana ta shafi matashin Kura da Bunkure kai tsaye, domin shi Allah Ya ba shi abin da yawancin matasan ƙasar nan ba su da shi. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, har yanzu ruwanta yana bin magudanai yana ratsa Kadawa da gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure. Albarkacinsa ake noman shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa, rani da damina. Saboda haka matashin nan yana riƙe kuɗi a dunƙule in ya sayar da shinkafarsa ko ya kai tumatir Kwanar Gafan, kuma daidai wannan lokaci ne ɗan dabon waya yake jira. Kuɗin da ya kamata ya tafi ga taki da iri da haya, ko sadaki, ko maganin mahaifiya, shi ake tura wa mutumin da ba a san fuskarsa ba. In abin ya rushe, wani har gonar gado yake jinginarwa don ya biya waɗanda ya jawo.

Wani zai ce ai noman ma asara ake yi. Gaskiya ne. A 2016 tsutsa ta cinye gonakin tumatir a wannan yanki, taki ya yi tsada, in kaya suka yi yawa a kasuwa kwando yakan faɗi warwas. Amma manomin da tsutsa ta yi wa ɓarna ya san abin da ya same shi, gonarsa tana nan, ruwa yana nan, baɗi zai sake shuka. Wanda ya miƙa jarinsa ga ɗan dabo fa, wa zai kama?

Musulmi kuwa bai kamata a yi masa irin wannan rufa ido ba, domin tun yana makarantar allo yake jin ƙissar Annabi Musa (AS) da matsafan Fir'auna, waɗanda suka jefa igiyoyi da sanduna mutane suka ga kamar macizai ne suke gudu, alhali igiya tana nan igiyarta. Lambobin da suke hauhawa a fuskar waya su ma haka suke. Shari'a ta haramta caca da riba da cin dukiyar mutane da ƙarya, kuma wanda ya ci ribar farko a irin wannan tsari, haƙƙin wani ɗan'uwansa ya ci, ko ya sani ko bai sani ba.

Saboda haka duk ɗan'uwan da aka kawo wa irin wannan tayi, ya yi tambayar nan ta filin dabo: in har suna iya ninka kuɗi cikin wata guda, me suke nema da kuɗin tumatirinsa? Ya kuma nemi a nuna masa abin da ake saye da abin da ake sayarwa, ya kai maganar gaban malami da kuma dattijon da ya san kasuwa kafin ya taɓa aljihu. In aka ce masa ya yi sauri kar dama ta wuce, to ya tabbata hular ce ta iso kansa.

Allah Ya tsare matasan Musulmi daga kwaɗayi da yaudara, Ya sanya albarka a cikin guminsu. Amin.