Ruwan Da Ke Cin Yamai Daga Faƙo Yake Fitowa

Da zarar Agusta ya kama, mazauna Lamorde, Karaje, Kirkisoy da Saga barcinsu rabi da rabi ne, kunne na wajen kogin Isa. A Satumban 2020 ruwa ya kai kimanin mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shingen da aka gina don tare shi, ya cinye gidaje da gonakin shinkafa. A Agustan 2024 kuma ya yanke hanyar Dosso, manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin gari. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da waɗannan kwanaki suka ci masa.

Abin da kan biyo baya sananne ne: buhunan shinkafa, tabarmi, jawabi, sai a zuba iyalai cikin azuzuwan makaranta har ruwa ya janye. Ba a raina taimako ba. Amma an daɗe ana jifan gaibu, domin ba a Yamai wannan ruwa yake farawa ba.

Cikar kogi iri biyu ce. Akwai ruwan Gini, wanda ke isowa sannu a hankali lokacin sanyi, kuma tsofaffi sun san lissafinsa. Akwai kuma jan ruwa na damina, wanda Sirba, Dargol da Goruwal ke kawowa daga wajen Burkina Faso, tare da ƙoramun da ke kewaye da birnin. Shi ne mai ɓarna, kuma jansa ƙasar gonaki ce da ya kwaso. Tun farin 1973 da na 1984 itatuwan tuddai suka yi ta raguwa, gatarin masu kawo wa Yamai itacen girki ya ƙarasa saura. Ƙasa ta zama faƙo, ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya gangaro gaba ɗaya, da yashinsa, ya cike cikin kogin. Masu jiran madatsar Kandaji, wadda aka aza tubalinta tun 2008, su sani Sirba da Dargol a ƙasa da ita suke shiga kogi.

A nan ne taswirar mulki ta saɓa da ta ruwa. Birnin Yamai yana da gundumomi 5, alhali kawunan ƙoramun suna cikin ƙananan hukumomin karkara irin su Hamdallay, Libore, Karma da Bitinkoji, ƙarƙashin Kollo a jihar Tillaberi. Ofishin magajin garin Yamai yana da harajin kasuwanni da kuɗin filaye, amma ba shi da ta cewa a kan waɗannan tuddai. Hukumar karkara tana da tudun, aljihunta kuwa fayau. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, an rusa majalisunsu a Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙo; rabon nan na iko da kuɗi bai canza ba.

Sani dai bai yi ƙaranci ba. Cibiyar Agrhymet da hukumar ƙasashen kogin Neja duk a Yamai suke zaune, suna auna ruwa. Manoman Maradi da Damagaram sun raya miliyoyin kadada ta hanyar sassaben zamani, kuma ramin rabin wata da jeren duwatsu ba baƙin abu ba ne ga manomin Nijar. Abin da ya rage shi ne asusu guda: birni ya ware wani kaso na harajinsa, a biya matasan ƙauyuka su farfaɗo da faƙon da ke kan ƙoramu, shugabannin ɓangarorin biyu su zauna tun rani su tsara aikin. Ai ɗan kasuwar da ya biya wannan ya fi wanda kayansa suka ruɓe a hanya riba.

Kafin nan, birnin ya fara gyara gidansa. Dajin dogon yaro da aka soma dasawa a 1965 don ya yi wa gari ɗamara, rabon filaye ya cinye babban sashensa. Kwarin Guntiyena ya cika da gine-gine da shara. Waɗanda aka kai Seno bayan ambaliyar 2012, da yawansu sun koma bakin kogi, inda abincinsu yake. Kuma ba manomin Hamdallay ne ya sa hannu a takardun waɗannan filaye ba.