Masu Jiran Gurbin Karatun Likita, Ga Aiki A Ƙofar Gida

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da iyaye da matasan Kankia da Kusada a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kowace shekara yaranmu suna rubuta jarrabawar JAMB da burin karanta likitanci a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko nan Katsina. Gurabun kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Sai ka ga yaro mai ƙoƙari ya yi shekara ɗaya ko biyu yana jira, daga shagon caji sai majalisa. Shawarata ita ce, wannan lokaci na jira a yi amfani da shi wajen koyon zama da masu taɓin hankali da yi musu hidima.

Abin da ya faru a unguwarmu bara shi ya sa na ɗauki alƙalami. Matar wani maƙwabcina mai sayar da hatsi ta haihu, kwana goma da haihuwa ta daina barci, ta ƙi jaririn, tana ta surutai. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Mijin ya sayar da awaki uku da buhun gero biyu wajen neman magani, har aka kai ga ɗaure ta a ɗaki. Ɗan ƙanena, wanda ke jiran gurbi karo na biyu, shi ya lallashi mijin aka kai ta asibiti. Shi ke raka su, shi ke rubuta lokacin shan magani a littafi, shi ke gaya wa likita yadda ta kwana. Ba a bar addu'a ba, ba a kuma bar magani ba. Yau tana goyon ɗanta, tana ƙuli-ƙulinta kamar dā. Yaron ya ce da ni, "Baba, dā ina tsoronsu, yanzu na gane marasa lafiya ne kamar mai hawan jini."

Jama'a, matsalar nan ba ƙarama ba ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Manyan asibitocin wannan ciwo suna nesa da mu: Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato. Talaka zai fara lissafin kuɗin mota kafin na magani. Ga shaye-shaye, wanda ya sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Ga waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu, da irin yaran nan fiye da 300 da aka sace a makarantar Ƙanƙara a 2020. Wa ya tambayi yadda suke barci bayan sun dawo? Ba mu kuma manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Iyaye da yawa ba don mugunta suka kai 'ya'yansu can ba, rashin inda za su kai su ne.

A takarda kam an yi aiki. Tun 1991 aka sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma ba maras lafiya haƙƙinsa na mutunci. To amma doka ba ta raka mutum asibiti, sai an sami wanda zai raka shi.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana. Duniya ta yaba. Ke nan ƙauye ma yana da rawar da zai taka.

Gaskiya ɗaya ce, a Ingila da Amurka makarantun likitanci kan tambayi ɗalibi irin hidimar da ya taɓa yi wa marasa lafiya, mu kuwa a nan maki ake dubawa. Saboda haka wannan aiki ba zai ƙara wa yaro maki ko ɗaya ba, kada ya bar karatunsa. Ribarsa ita ce zai san ko yana da haƙurin aikin tun kafin uba ya sayar da gona a kan karatun shekara 6.

Amma a yi hattara. Yaro ba likita ba ne. Kada ya ba da magani, kada ya yi allura, kada ya tunkari mai fushi shi kaɗai. Asirin gidan mutane kuma ba na majalisa ba ne. Mace ta yi wa mace hidima, da izinin mijinta ko iyayenta.

Ina kira ga hukumar Babban Asibitin Kankia da Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankia da shugabannin ƙananan hukumomin Kankia da Kusada da su shirya wa waɗannan yara horo na 'yan makonni, sannan a haɗa kowane da jami'in lafiya na yankinsa. Hakimai da limamai su sa baki, don in ba su yarda ba, babu gidan da zai buɗe ƙofa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba yaranmu sa'a, amin.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare,
Kankia, Jihar Katsina.