Kayan Yemen 77 a Washington: ajiya daban, mallaka daban

A tsakiyar birnin Washington, a gefen doguwar farfajiyar nan da ta miƙe daga ginin majalisar dokokin Amurka, akwai gidan adana kayan tarihin nahiyar Asiya, ɗaya daga cikin gidajen cibiyar Smithsonian. Ba a biyan ko sisi a ƙofa. Wanda ya shiga zai tarar da tangaran na ƙasar Sin, da zanen Japan a kan labulen takarda mai naɗewa, da gumakan tagulla na kudancin Indiya, da shafukan Alƙur'ani da aka rubuta da hannu shekaru sama da dubu da suka wuce. Kayan da gidan ya tara sun haura 45,000.

Gine-gine biyu ne aka haɗa ta ƙarƙashin ƙasa. Na farko ya buɗe a 1923 da kayan Charles Lang Freer, wani attajirin birnin Detroit da ya yi arziki da ƙera taragon jirgin ƙasa. Freer ya bar wasiyya mai tsauri: kada a ba da aron kayansa ga kowa, kada kuma a baje na wani tare da nasa. Na biyu ya buɗe a 1987 da kayan da likita Arthur Sackler ya bayar, kimanin guda 1,000. Abin da ya fi jan jama'a shi ne Ɗakin Ɗawisu, wato ɗakin cin abincin wani mai jiragen ruwa a Landan, wanda mai zane James Whistler ya shafe da shuɗi da ruwan zinare a 1876 zuwa 1877. Freer ya saye shi a 1904, aka kwance shi katako-katako aka tsallaka teku da shi.

Duk wannan abin kallo ne, kuma babu laifi mutum ya ba idonsa abinci. Amma mai ziyara da ya tsaya a kan ƙyalƙyali kaɗai ya bar rabin labarin. Sauran rabin yana kan ɗan allon da ake liƙawa kusa da kowane abu, inda ake rubuta daga ina ya fito da yadda ya shigo.

A ɗauki kayan kogunan Xiangtangshan na arewacin Sin, waɗanda aka sassaƙa a jikin dutse a ƙarni na 6. A farkon ƙarni na 20, lokacin da ƙasar ke cikin rikici, an bi kogunan da guduma da kurfi ana ɓalle kawuna da hannuwan gumaka ana sayar wa dillalai. Wasu daga cikin sassan suna wannan gida a yau, gangar jikin kuma tana can a kogo babu kai. Freer da magadansa sun biya kuɗi, gaskiya ne. Sai dai biyan kuɗi ga dillali ba ya wanke hanyar da kaya suka bi kafin su iso hannunsa, kuma kowane ɗan kasuwa ya san haka.

Masu kare gidajen tarihi na Turai da Amurka suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa da ba a kwashe kayan ba, da yawansu sun salwanta. Suna tuna wa mutane manyan gumakan Bamiyan na Afghanistan da aka tarwatsa a watan Maris na 2001, da gidan tarihin Dhamar na Yemen da harin jirgin sama ya rusa a 2015. Suna kuma nuna amfanin haɗuwa: daga Oktoban 2016 zuwa Fabrairun 2017 wannan gida ya baje kwafin Alƙur'ani sama da 60, mafi yawansu aro daga Istanbul, Amurkawa da yawa suka ga ƙwarewar marubutan Musulmi da idonsu a karon farko.

To, amma hujjar tana tabbatar da buƙatar ajiya ne kawai. Ba ta mayar da mai ajiya mai kaya ba.

Gidan da kansa ya nuna cewa ana iya raba biyun. A watan Fabrairun 2023 gwamnatin Amurka ta miƙa wa Yemen kayan tarihi 77 da jami'anta suka ƙwace daga hannun masu fasa-ƙwauri: duwatsun kabari 65 masu siffar fuskar mutum, da kwanon tagulla ɗaya mai rubutu, da shafuka 11 na tsofaffin kwafin Alƙur'ani. Yemen na cikin yaƙi, don haka gwamnatinta ta nemi gidan ya riƙe mata su. Aka rubuta yarjejeniyar shekara 2 da za a iya sabuntawa. Kayan na Yemen ne a rubuce, Yemen ce ke da ta cewa a kansu, gidan kuwa mai gadi ne. Kafin wannan, a 2022, Smithsonian ta fito da tsarin mayar da kaya idan aka gano an same su ta hanyar da ba ta dace ba, ko da doka ba ta tilasta ba, kuma a ƙarƙashinsa ta mayar wa Najeriya kayan tagulla 29 na masarautar Benin.

Wannan shi ne tsarin da ya kamata ya zama ruwan dare. Matsalar ita ce har yanzu yawanci sai an kai ruwa rana ake samunsa. Kambodiya ta shafe shekaru tana bin sawun gumakan da aka sace daga wuraren ibadarta lokacin yaƙin basasa. Sai da kotun Amurka ta tuhumi dillali Douglas Latchford kan safarar gumakan a 2019, sannan a Disambar 2023 babban gidan tarihin Metropolitan na New York ya amince ya mayar mata da guda 14, ya mayar wa Thailand da 2. Ƙasar da ba ta da lauyoyi da masu bincike irin na Kambodiya, nata kayan sai dai ta gan su a hoto.

Batun bai tsaya a Asiya ba. Gumakan yumɓu na Nok da na Sakkwato guda 3 da Faransa ta saya ta baje a Paris a shekarar 2000 sun jawo cece-kuce, har a 2002 Faransa ta amince na Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Wa'adin ya ƙarato, kuma Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Najeriya ce ya kamata ta fito ta gaya wa jama'a abin da za a yi da su.

Duk wanda Allah ya kai Washington, ya ware rabin yini ya shiga wannan gida, ya kai yaransa. Amma ya karanta allunan, kuma inda ya ga ba a bayyana yadda abu ya baro ƙasarsa ba, ya tambayi ma'aikatan gidan.