Jirgin Masu Gyara da Fankokin Lambar Rimi

Sharhinmu na yau a kan jirgin ruwa ne. Na san mai sauraro a Maska ko Ɗandume ko Bakori zai ce me ya haɗa manomin masara da teku, mu da iyakar ruwanmu dam ɗin Mairuwa da na Gwaigwaye. Ku ba ni aron kunne, domin a cikin ƙirar wannan jirgi akwai maganar da ta shafi famfon unguwarku da taraktar ƙungiyarku.

A shekarar 1991 ƙasar Denmak ta kafa fankokin samar da lantarki guda 11 a cikin teku, a wani wuri da ake kira Vindeby. Wannan ce tasha ta farko irinta a duniya. Dalilin shiga ruwa shi ne iskar teku ta fi ƙarfi, kuma ba ta yawan yankewa, tun da babu tudu ko gini da zai tare ta. Daga nan abin ya bunƙasa. A gabashin Ingila akwai tashar Hornsea ta ɗaya, mai fankoki 174, kimanin kilomita 120 daga gaɓa. Kowace fanka ɗaya tana ba da megawat 7.

To amma inji inji ne, ko a tudu ko a ruwa. Yana son mai, yana son giris, boris yana cinyewa, wayoyi suna ƙonewa, ga gishirin teku da ke cin ƙarfe dare da rana. Dole mutum ya je da hannunsa ya duba. Masu lissafin wannan harka sun ƙiyasta cewa kula da gyara kaɗai yana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da za a kashe wa tashar tsawon rayuwarta. Da farko jiragen masunta aka riƙa haya ana kai masu gyara. Sai aka ga ba su dace ba: ga jinkiri, ga tangaɗi, ma'aikaci ya isa wurin aiki jiri na ɗibarsa, ya yi amai har ya galabaita, sannan a ce ya hau tsanin ƙarfe a tsakiyar ruwa. A nan ne masu zanen jirage suka zauna suka fitar da jirgi na musamman, irin wanda ake kira katamaran.

Katamaran jirgi ne mai ciki biyu. Kwale-kwale biyu ne dogaye, sirara, a jere, an ɗora musu daɓe ɗaya a sama ya haɗe su, ruwa na wucewa ta tsakani. Amfanin haka a fili yake. Ɗan kokawa in ya buɗe ƙafafu ya kafe, ture shi sai an sha wuya, haka jirgin da nauyinsa ya rabu gida biyu ba ya saurin karkata. Sirantar kowane ciki kuma tana sa ya tsaga ruwa ba tare da shan mai da yawa ba, ya yi gudun kilomita 40 ko fiye a awa. Yawanci da alminiyam ake ƙera shi saboda rashin nauyi. Wani sanannen samfuri na kamfanin Damen na ƙasar Holan tsawonsa mita 26 ne, faɗinsa kuwa mita 10, kun ga ke nan akwai filin ajiye kayan aiki da safaya a gaba. Inji biyu ne, kowane ciki da nasa. Matuƙi na iya sa ɗaya gaba ɗaya baya, jirgin ya juya a inda yake tsaye, in kuma ɗaya ya mutu ɗayan ya dawo da mutane gida.

Inda aka fi zuba basira shi ne goshin jirgin. A jikin ginshiƙin kowace fanka akwai bututun ƙarfe biyu a tsaye, tsani a tsakaninsu. Jirgin ba ya ɗaure igiya. Matuƙi ne zai matso a hankali, ya kafa goshin jirgin a jikin bututun nan, ya ba inji wuta ya yi ta turawa. A goshin an ɗaura roba mai kauri. Ƙarfin turawar da kamun robar su ke riƙe gaban jirgin cak, alhali bayansa na hawa da sauka da igiyar ruwa. A wannan ɗan lokaci ne ma'aikaci, da ɗamarar tsaro a jikinsa, zai ɗaga ƙafa daga jirgi ya taka tsani. Taku ɗaya ne tak. In robar ta zame a lokacin, ƙafar mutum ko ransa na iya tafiya. Saboda wannan taku ɗaya ake auna ƙarfin inji, ake zaɓen irin robar, ake ɗaga ɗakin matuƙi a sa masa tagogi yadda zai ga goshin jirgi da ƙafar mai hawa da idonsa.

Akwai kuma iyaka. Galibin waɗannan jirage in tsayin igiyar ruwa ya haura mita ɗaya da rabi, ba a sauke kowa, sai a juya. Duk ranar da aka juya kuwa, fankar da ta lalace tana tsaye ba ta kawo ko sisi. Shi ya sa masu zane ke ta fafutukar ƙara ko da rabin mita a kan wannan iyaka. Suna ɗaga daɓen tsakiya don kada ruwa ya riƙa dukansa daga ƙasa, suna sa kujeru masu sifirin, har ɗakin zaman ma a kan roba ake ɗora shi don rage jijjiga da ƙara. Ba don jin daɗi ba ne. Makanikin da ya isa da ƙarfinsa shi ne zai yi aikin kirki. Tashoshi masu nisa irin Hornsea kuma, babban jirgi ake kai wa, ma'aikata su kwana a ciki mako biyu, su riƙa tsallakawa ta wata gada mai daidaita kanta da motsin ruwa.

Shekaru da dama mutum 12 kawai irin wannan jirgi ke ɗauka ban da matuƙa, domin a dokar teku jirgin da ya wuce fasinja 12 ya shiga wani aji mai tsauraran sharuɗɗa. Sai da aka gyara ƙa'ida aka ƙara matakan tsaro kafin a fara ɗaukar 24. Ba na iya faɗin wannan ban tuna Bagwai ba, ranar 30 ga Nuwamba 2021, da jirgi ya kife da mutanen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla rai 29. Allah ya jiƙansu. Adadin da aka rubuta wa jirgi amana ce ta rayuka.

Abin da nake so mu lura da shi, masu sauraro, shi ne daga ina zanen ya faro. Daga mai gyara ya faro: yaya zai isa, a wane hali zai isa, da wane kaya, kwana nawa a shekara hanya za ta ba shi. Kafin a kafa fanka an riga an san tashar da jirgin zai kwana, da ɗakin ajiyar safaya, da wanda zai biya mai.

Mu ma a jihar Katsina muna da fankokinmu. Wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Kano zai gan su a Lambar Rimi: guda 37, kowace kilowat 275, jimla kimanin megawat 10. Fanka ɗaya ta Hornsea ta kai 25 daga cikin namu, amma wannan ba abin kunya ba ne, kowa da inda ya fara. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ne ya ɗauko aikin a 2005 yana gwamna, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 2007, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa. A Disamba 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin a Rimi, sai a Nuwamba 2013 ya kuɓuta a Zariya. Aiki ya tsaya, aka shafe fiye da shekara goma ana sa ranar gamawa ana ɗagawa.

Abin da ya fi damuna shi ne, waɗannan fankoki tun asali don sauƙin gyara aka ƙera su. Fukafukai biyu gare su, ginshiƙinsu mai mita 55 wayoyin ƙarfe ne ke riƙe da shi, kuma ana iya kwantar da shi ƙasa da injin naɗe igiya, ba sai an nemo babbar ƙugiya daga Legas ba. An yi su ne domin tsibiran da guguwa ke yawan afka wa, a kwantar in hadari ya taso, a tayar in ya wuce. Wato mai zanen ya sauke nasa nauyin, ya kawo injin har ƙasa gaban makaniki. Sauran namu ne: wa aka koya wa, ina safayar take, kuma wane layi ne a kasafin kuɗi aka rubuta wa mai da giris kowace shekara? Ƙurar hunturu da tsawar damina ba sa jiran a zauna taro.

Mu sauko gida. Ku ƙirga rijiyoyin burtsatse da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, nawa ke ba da ruwa yau? Famfon tuƙa-tuƙa samfurin India Mark II yana da ƙarko, amma in robar da ke can ƙasa ta cinye, sai an zo da ma'aikata da kayan ɗagawa an zaro bututu gaba ɗaya. Ganin haka ne a shekarun 1980 aka fito da samfurin Afridev a gabashin Afirka, wanda mutum biyu na ƙauye za su zaro sandunansa da hannu su canza robar. Tunani ɗaya ne da na masu katamaran. Sau da yawa abin da ya kashe famfo bai kai kuɗin buhun taki ba, amma ba mai sayar da shi a kusa, ba wanda aka nuna wa yadda ake sa shi, mata da yara kuma sun koma rafi. Haka taraktoci ke zaune a kan duwatsu a harabar ma'aikatu. Yanzu ga injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana sun shigo fadamun Ɗanja da Kafur, manoma na sayar da amfanin gona su saya, abin farin ciki ne ƙwarai. In akwatin sarrafa wutar ya ƙone ana tsakiyar noman rani, tumatir ba zai jira mako biyu a kawo wani daga Kano ba. A damina kuma akwai ƙauyukan da laka ke rufe hanyarsu, ko mai gyaran na nan sai ya ga ta inda zai bi.

Wannan yanki ya san amfanin hanya. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe, bai tsaya kan iri da taki ba, sai da ya fasa hanyoyin karkara ya kafa cibiyoyin hidimar manoma kusa da gonaki. Kuma gyara sana'a ce mai ci da mutane. Garin Grimsby na Ingila da kamun kifi aka san shi, sana'ar ta durƙushe, yau daga tasharsa jiragen masu gyaran Hornsea ke tashi.

Don haka kirana ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomi: kada a sa hannu a kwangilar inji, fanka ce ko famfo ko tarakta, sai an rubuta a ciki wanda zai gyara, da inda safaya za ta zauna, da kuɗin kula na shekara biyar aƙalla. A kai ɗaliban Kwalejin Hassan Usman Katsina da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua Lambar Rimi su koyi aikin da hannunsu. Ku kuma ƙungiyoyin manoma da kwamitocin ruwa na unguwa, ranar da aka zo ƙaddamar muku da inji, kafin baƙi su tashi ku tambayi sunan makanikin, ku karɓi lambar wayarsa, ku ware asusun gyara tun daga kakar farko.