Muna zaɓen yadi, ba mu tambayar abin da aka cusa ciki

Da hunturu ya kama a Magariya da Dungas, teloli sai su cika da aikin shimfiɗar jarirai, da matasan kai na ɗakin amarya, da barguna masu fure ko tauraro da ya taso sama kamar an hura shi. Uwa za ta yini tana zaɓen yadi, wani lokaci ma sai an aiko mata daga Kantin Kwari ta Kano. Abin da za a cusa ciki kuwa sai ta bar wa tela. Ina ganin nan ne kuɗin ke zubewa, kuma mu malamai da ke koyar da aikin hannu a lakwal muna da hannu a ciki, don ɗinki kawai muke nuna wa yara.

Kakanninmu ba su yi wannan sakaci ba. Lifidin da barade ke sa wa dawaki a Damagaram da Kano da Barno a ƙarni na 19, wanda har yau akan gani a hawan salla, audugar rimi ake cusa masa. Ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa da wuri, shi ya sa har Turawa suka daɗe suna cusa ta cikin rigunan da ke hana mutum nutsewa a teku. Amma tana da santsi, ba ta zama wuri ɗaya, don haka maɗinkan lifidi ke kama ta da layukan ɗinki kusa da kusa. Suna kuma sane da aibinta: wuta ba ta yi mata da wasa.

Yau ga yadda ake tayar da fure da keke. Ana shimfiɗa abin cushe mai kauri ƙarƙashin zanen, a bi gefen zanen da ɗinki, a sa almakashi a yanke duk abin da ya fita waje. Sai a ƙara shimfiɗa ta biyu marar kauri a kan dukan aikin, a rufe da yadin baya, a matse kewayen furen da ɗinki sosai. Kewayen ya kwanta, furen ya tashi. Ke nan abu biyu ake bukata, kuma ba iri ɗaya ba.

Ga furen, audugar roba da ake sayarwa a shimfiɗe ta fi. Tana riƙe tudunta bayan wanki, tana bushewa da sauri. Ga shimfiɗa ta biyu, audugar gona da aka gurza aka shiɓe, domin tana kwanciya lif, allura na ratsa ta ba gardama. In an juya su, furen zai lotse bayan ƴan wanki, kewayen kuma ya kumbura. Audugar da ba a cire wa angurya da kyau ba tana ɓata farin yadi da maiƙo, ɓeraye kuma na son ta. Rimi ba ta shimfiɗuwa ƙarƙashin keke. Sai dai a tsaga baya kaɗan a tura ta da tsinke. Soso shi ne mafi yaudara: ranar farko ya fi kowa kyau, daga baya ya yi ja ya marmashe. Tsummokaran da wasu ke tarawa daga ƙarƙashin tebur su cusa, ba sai na yi magana ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jarirai. A gidajenmu ana kwana da kaskon garwashi cikin ɗaki lokacin sanyi. Rimi na kamawa nan take, roba kuma narkewa take yi ta manne wa fata. Sannan shimfiɗa mai tudu da laushi ba wurin barcin jinjiri ba ce, don fuskarsa na iya nutsewa ciki ya kasa numfashi. A bar fure mai tudu ga matashin ado da bargon manya. Na jinjiri ya zama shafaffe, mai ɗan tauri.

Malamin da ke da aji zai iya nuna duk wannan ba tare da keke ba. A ɗinka ƴan jakunkuna huɗu da hannu, a cusa rimi, auduga, roba da soso, a wanke su duk Juma'a har wata guda, yara su riƙa auna kaurinsu suna rubutawa a allo. Iyaye kuma, kafin tela ya rufe ɗinki, ku ce ya nuna muku abin da ya sa a ciki.