Daidai Ruwa, Daidai Famfo

'Yan'uwana ɗalibai, na san da yawa daga cikinmu idan an ce murjani, abin da zai zo mana a rai shi ne jan dutsen wuya na iyayenmu mata. To ashe wannan abin ado ƙashin wata dabbar teku ce, kuma danginta su ne ke gina manyan tsaunuka a ƙarƙashin ruwa. A wannan zamani akwai masu kiwon murjani da ransa cikin ɗan akwatin gilashi, a gida ko a ɗakin kimiyya na makaranta. Ra'ayina game da wannan kiwo shi ne, mai sayen babban famfo ya saka a ƙaramin akwati don a ce ya iya, kashe dabba yake yi da kuɗinsa. Awo ya kamata a fara yi kafin a tafi kanti.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Arewa da murjani, mu da ko teku ba mu taɓa gani ba? Amsa ita ce kakanninmu sun riga mu saninsa. Alhazan da suka bi hanyar ƙasa ta Chadi da Sudan, daga Sawakin suke shiga jirgin ruwa su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda, kuma gaɓar nan cike take da tsaunukan murjani. Ɗaya daga cikinsu, wato Sanganeb da ke kusa da Port Sudan, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a shekarar 2016. Bayan haka, lissafin famfo ɗaya ne, ko a akwatin gilashi ko a fadama wajen ban-ruwa.

Da farko mu san dalilin da ya sa murjani ke buƙatar ruwa mai motsi. Kifi idan ya ji yunwa sai ya yi iyo ya nemi abinci. Murjani kuwa a manne yake da dutse, inda ya tsiro nan zai mutu. Ruwa ne ke kawo masa abinci da iskar oksijin, ruwa ne kuma ke kwashe masa ƙazanta da yashin da ya zauna a jikinsa. A cikin naman jikinsa akwai wata gansakuka mitsitsiya da ido ba ya gani, wadda ke haɗa masa yawancin abincinsa daga haske, kamar yadda ganye ke yi. Da dare idan haske ya tafi, ita da mai masaukinta duka shaƙar oksijin suke yi. Idan ruwan ya tsaya cik, wanda ke daf da jikin murjanin zai ƙare da iska, dabbar ta shaƙe. A teku igiyar ruwa ke wannan aiki dare da rana. A akwati kuwa famfo ne teku.

To tun da haka ne, me zai hana a sayi mafi girma a huta? Wannan ita ce hujjar masu babban famfo, kuma a nan nake saɓawa da su saboda dalilai uku.

Dalili na farko, ƙarfin ruwa yana da ƙa'ida. Masu wannan kiwo suna auna famfo da yawan litar da yake turawa a awa ɗaya, su kwatanta da ruwan da ke cikin akwatin. Murjani mai taushin jiki yakan wadatu idan an juya ruwan akwatin sau 10 zuwa 20 a awa. Mai tauri da rassa, irin wanda ake kira akrofora, da ke zaune inda igiya ke dukan dutse, yana son sau 40 ko fiye. Mu ɗauki akwati mai lita 60 da murjani mai taushi a ciki. Lita 60 sau 20, ya kama lita 1,200 a awa. Wanda ya saka famfo mai lita 5,000 ya juya ruwan fiye da sau 80. Yashi zai tashi ya turnuƙe kamar hazon hunturu, ƙananan kifaye su gaji da kokawa da ruwa, murjani kuma ya naɗe 'yan hannuwansa ya ƙi buɗewa. Idan bakin famfon na kallonsa kai tsaye, har namansa yakan saɓule ya bar farin ƙashi. Kuma a tuna, duwatsu da yashi sun riga sun cinye wani ɓangare na akwatin, saboda haka ruwan ma bai cika lita 60 ɗin ba.

Dalili na biyu shi ne zafi, kuma wannan ya fi shafarmu mu mutanen ƙasar rana. Famfon da ke nutse cikin ruwa, kusan duk wutar da ya ci zafi take komawa, ta shiga ruwan. Mun koya a darasin fiziks cewa ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin jul wajen 4,200. Lita 60 ke nan jul 252,000. Famfo mai wat 20 yana ba da jul 20 a kowace daƙiƙa, don haka cikin awa uku da rabi zai ƙara wa ruwan digiri ɗaya, in zafin bai sami hanyar fita ba. Mai wat 5 kuwa sai ya yi awa 14 kafin ya yi wannan ɓarna. A watan Afrilu, lokacin da iskar ɗaki kanta ta fi ruwan zafi, ina zafin zai fita? Murjani yana son digiri 24 zuwa 27. Idan ruwa ya zarce zafin da ya saba da digiri ɗaya kacal na wasu makonni, sai ya kori gansakukar nan da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, yunwa ta biyo baya. Abin da ya sami babban tsaunin murjani na Ostareliya ke nan, mai tsawon kilomita wajen 2,300, a shekarun 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Abin da zafi ya yi wa teku guda, ɗan akwati ba zai gagare shi ba.

Dalili na uku, yadda ruwa ke tafiya ya fi yawansa muhimmanci. Igiyar teku zuwa take ta dawo, ta juya nan ta juya can. Famfo ɗaya mai ƙarfi kuwa hanya ɗaya yake bi kamar kibiya, ya bar bayan duwatsu shiru, ƙazanta ta taru a can ta ruɓe. Ƙanana biyu masu lita 600 kowanne, ɗaya a dama ɗaya a hagu suna fuskantar juna, sun fi guda mai 1,200 amfani. Ruwansu zai haɗu a tsakiya ya watsu ko'ina. A ɗan ɗaga bakin ɗaya sama don fuskar ruwan ta riƙa rawa, domin ta nan iska ke shiga. Ga kuma wata riba: ranar da ɗaya ya lalace, ɗayan zai riƙe rai kafin a gyara.

Gaskiya ne masu babban famfo suna da inda suka tsaya daidai. Adadin da aka rubuta a jikin kwali na famfon da ba ya tura ruwa sama ne. Idan zai ɗaga ruwa daga tankin tacewa na ƙasa zuwa akwati, tsayin mita ɗaya da lanƙwasar bututu za su rage masa ƙarfi sosai, gishiri da datti su ƙara ragewa in ba a wanke shi ba. Amma maganin wannan bokiti ne da agogo. Idan bokitin lita 10 ya cika cikin daƙiƙa 30, famfon na ba da lita 1,200 a awa. Sai kuma a duba murjanin kansa. Idan yana kaɗawa a hankali kamar gero a iskar damina, ruwa ya yi daidai. Idan ya kwanta gefe ɗaya, ya yi yawa. Idan bai motsa ba, ya yi kaɗan.

Saura maganar wutar lantarki, wadda kowa ya san takan ɗauke ba sallama. Ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar ruwan daɗi mai sanyi, shi ya sa 'yan awoyi ba famfo sun isa su hallaka akwati duka. A nan ma ƙaramin famfo ya ci gasa, domin mai wat 5 zai kwana yana aiki da batir ɗin sola, babba kuwa ya zuƙe batir ɗin kafin asuba.

Don haka shawarata ga ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta, da duk mai sha'awar wannan kiwo, ita ce a auna ruwa, a san irin murjanin, a yi lissafi, a tanadi batir, sa'an nan a sayi famfo. Wanda ba zai iya ba ruwan motsi dare da rana ba, ya bar murjani a tekunsa ya kiwata tarwaɗa, domin Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Dabba ce mai rai, kuma wanda ya ɗauko ta ya ɗauki amana.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga wani ɗalibin Aji Huɗu